Garland Beeson, Direban da Ake Biya Ya Faka

Garland Beeson ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na tsaya masa a kan rufi tun yana ɗan saurayi har furfura ta fito masa. A tseren mota kowane direba yana da mutum guda can saman rumfar 'yan kallo, riƙe da madubin hangen nesa da rediyo, yana faɗa masa abin da shi ba ya gani: wa ke gefensa, wa ke bayansa, ina aka yi karo. To ni ce wannan mutumin. Sunana Nadine. Saboda haka in na ce ƙanina ya iya tuƙi, ba son kai ba ne. Daga sama nake kallo, kuma kowa nake gani, ba shi kaɗai ba.

A wani ɗan gari muka tashi a Carolina ta Arewa, inda rabin mutane ke aiki a kamfanin kujeru, rabi suna noman taba. Babanmu a kamfanin kujerun yake. Ranar Asabar kuwa duk garin sai ya kwashe zuwa filin tsere na jar ƙasa da ke bayan makabarta. Baba yana da wata tsohuwar mota da ya cire wa gilasai da kujeru, ya walda mata ƙarafan kariya a ciki. Ya yi shekaru yana shiga tsere da ita, kuma shekarun nan duka a baya yake ƙarewa. Shi da bakinsa yake cewa Allah ya ba shi son abin, bai ba shi ƙafar ba. Mamanmu kuwa ba ta taɓa kallo ba. A wurin ajiye motoci take zama da kwandon burodin masara da soyayyar kaza, in ta ji an yi ihu ta toshe kunne.

Da Garland ya kai sha biyar, Baba ya miƙa masa hular kwano. Motar nan dai da ta saba zuwa ta ƙarshe, ba a canja mata ko noti ba, yaron nan ya kawo ta ta uku. Baba ya tsaya yana kallon motar kamar ta ci amanarsa.

“Ashe dama kina gudu?” ya ce da ita.

Abin da ya bambanta Garland da sauran shi ne ba ya faɗa da mota. Samari suna shiga kwana da ƙarfi, taya tana kuka, 'yan kallo suna tafi. Shi kuwa sai ya lallaɓa, ya saki totur da wuri, ya bar su su cinye tayoyinsu. In tsere ya kusa ƙarewa, motocinsu sun fara santsi, sai ka ga ya fara tsince su ɗaya bayan ɗaya. Daga jar ƙasa muka koma filayen kwalta. Ya ci kofin shekara sau uku. Kofuna suka cika falon Mama har ta fara ajiye maɓallai da zare a cikinsu. Ba wanda ke shakka a garinmu cewa Garland zai kai ga babbar gasa, ta ranar Lahadi, wadda ake nunawa a talabijin.

Yana da shekara ashirin da uku wani babban kamfanin tsere da ke kusa da Charlotte ya kira samari huɗu gwaji. Mota ɗaya aka ba su, fili ɗaya. Garland ya fi su duka gudu, kuma ya dawo da motar ba ko ƙwarzane. Da yamma aka kira shi ofis, na bi shi. Manajan ya miƙa masa hannu, ya yaba masa sosai, sannan ya jingina da kujera.

“To, ɗan samari, me ka zo da shi?”

Garland ya dubi jakarsa. “Hular kwano da safar hannu, yallaɓai.”

Mutumin ya yi dariya har da hawaye. Da ya ga Garland ba wasa yake ba, sai ya gyara murya. Ya ce abin da yake tambaya shi ne wane kamfani ne zai ɗauki nauyinsa, a rubuta sunansa a jikin mota. Ya ce mota ba da gwaninta take tafiya ba, da taya da inji da albashin ma'aikata take tafiya. Kujerar direban dai wani yaro aka ba, wanda ya zo na uku a gwajin, ubansa yana da shagunan katifa a jihohi uku.

A hanyar gida, da muka wuce rabin tafiya, Garland ya ce:

“Yaya, to gwajin na mene ne?”

“Su ga ko ɗan mai katifa zai kashe kansa,” na ce.

“Kuma ni fa?”

“Kai ne ma'aunin.”

Ya bugi sitiyari da tafin hannu, hon ya yi ƙara, wata saniya a bakin hanya ta ɗago kai.

Daga nan aka shiga shekarun yawo. Ya sayi kwat, ya koyi ɗaura laktaye. Babu ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba: masu sayar da taya, masu rijiyar burtsatse, masu maganin kwari, wani mai gidajen gasa nama. Kowa ya san sunansa, kowa yana so a ɗauke su hoto tare, kowa sai ya ce a dawo bayan Kirsimeti. Wani mai kamfanin tsiran alade ya kusa yarda. Ya sa aka tsayar da Garland gaban kyamara ya riƙe fakiti ya yi murmushi. Aka yi ta maimaitawa. Daga baya matar da ke kula da tallarsu ta ja ni gefe ta ce maganarsa ta ƙauye ta yi yawa, ga haƙorinsa na gaba a gutsure, kuma shekara ashirin da bakwai a wannan sana'a ya fara tsufa. Na ce mata ai tsiran ma 'yan ƙauye ke ci. Ba su sake kira ba.

Ana cikin haka kamfanin kujeru ya rufe, Baba ya zauna a gida. Garland ya auri Darla, mai aikin jinya a gidan tsofaffi, suka haifi 'ya mace. Ya kama aiki a wani gareji inda ake gyaran motocin tsere. Ranar Litinin tireloli su zo da motocin da 'ya'yan masu hali suka farfasa ranar Asabar, shi ya miƙe ƙarfe, ya sa sabuwar bamba, ya daidaita ƙafafu. Wani lokaci yaron da ya fasa motar ya tsaya a kansa yana shan lemo yana faɗa masa yadda ake shiga kwana. Garland sai dai ya ce, “Haka ne, ranka ya daɗe,” ya ci gaba da buga guduma fiye da yadda ƙarfen ke buƙata.

Yana da talatin da uku wayar da muka daina jira ta zo. Wani mutum mai suna Purvis Lail, dillalin tsofaffin motoci, ya sayi motar babbar gasa guda ɗaya, yana neman direba. Bai tambayi me Garland ya zo da shi ba. Ranar gidanmu kamar an yi biki. Baba ya kira duk wanda ya sani, har da waɗanda ba sa ga-maciji. A coci fasto ya sa aka yi wa Garland addu'a da sunansa.

Da muka je garejin Mista Lail jikina ya fara sanyi. Motar tana nan, fara fat, ba sunan kowa a jikinta sai lamba. Ma'aikata kuwa uku ne: wani tsohon bakanike mai suna Hoyt, wanda taba ba ta barin kumatunsa, da mutum biyu masu taya shi. Tayoyi saiti ɗaya ne a jingine. Tseren Lahadi kuwa mota takan ci saiti goma ko fiye.

“Ina sauran tayoyin?” Garland ya tambaya.

Hoyt ya tofar a gwangwani. “Bai gaya maka ba ke nan.”

Mista Lail ya fito da fara'arsa, ya dafa kafaɗar Garland, ya yi bayani kamar mai koyar da yaro ƙidaya. Duk motar da ta ci gwajin gudu ranar Juma'a ta samu shiga tsere, ana ba ta kaso, ko da ita ce ta ƙarshe. In ka yi tseren har ƙarshe, taya da mai da inji za su cinye kason su nemi ƙari. In kuwa ka ɗan zagaya kamar sau ashirin ka shigo gareji ka ce mota ta samu matsala, riba ta tsaya.

“Amma shiga ɗin fa sai gwani,” in ji shi. “Motoci sun fi gurbi yawa. Shi ya sa na neme ka. Kai za ka iya cusa wannan akwalar cikin manya.”

“Wato in shiga, in faka.”

“Na ɗan lokaci ne, ɗana. Mu tara abin da muka tara, mu samu mai ɗaukar nauyi, sai mu yi tsere na gaske.”

Garland ya dube ni. Na san abin da ke ransa: 'yarsa ta shiga makaranta, rufin gidansu yana yoyo, kuma ko ba komai za a gan shi a cikin manya. Wataƙila wani ya lura. Ya sa hannu.

Ɗan lokacin nan shekara uku ya yi.

Ranar Juma'a ƙanina yakan yi abin da ya kamata a rubuta a jarida. Ya ɗauki motar da ba ta kai rabin ta wasu ba, ya matse ta har ta shiga, manyan kamfanoni da jiragensu su koma gida ba su samu gurbi ba. Ranar Lahadi a rera taken ƙasa, jiragen soja su wuce ta sama, a ɗaga koriyar tuta, ya zagaya kwata ɗin awa, sai muryar Mista Lail ta shigo kunnena: “Nadine, gaya masa lokaci ya yi.” Ni kuma in danna rediyo in gaya wa ƙanina cewa lafiyayyar motarsa ta lalace.

Dole a faɗa wa jami'ai dalili, don haka Hoyt ya riƙa juya ƙaryar kada ta yi yawa a wuri ɗaya. Wannan mako birki, mako mai zuwa inji ya yi zafi, na gaba mota tana karkarwa. Kowa ya san abin da ake yi, jami'an ma sun sani, su rubuta suna hamma. Wata rana Hoyt ya manta ya ce birki sau biyu a jere, jami'in ya ce, “Haba Hoyt, wannan makon ai na lalacewar giya ne.”

A gida kuma tsiya ta ishe mu. In Garland ya shiga shagon aski sai wani ya ce, “A yi masa da sauri, ba ya son daɗewa a kujera.” A bakin coci wani tsohon abokin hamayyarsa ya ce, “Garland, huɗubar fasto ta fi tserenka tsawo.” Yakan yi dariyar yaƙe. Baba ne bai taɓa tsokanarsa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Duk Lahadi yana gaban talabijin da kofin shayinsa mai ƙanƙara, yana neman farar mota a can ƙarshen hoto. In ta ɓace sai ya kashe talabijin ya fita duba tumatirinsa.

Na ga yadda abin ke cin ƙanina. Ya daina cin abinci ranar tsere. In ya faka ba ya fitowa daga mota nan da nan, sai ya zauna a ciki da hularsa a kai, yana jin ƙarar sauran suna wucewa. Sau ɗaya ya manta rediyonsa a buɗe, na ji shi yana canja giya da baki, yana bin tseren da ba ya ciki.

A shekara ta uku, da kaka, muka je wani ɗan gajeren fili a Virginia. Irin filin da Garland ya tashi a kai ne: matsattse, kwana a kan kwana, inda ƙarfin inji ba ya ceton wanda bai iya ba. Tun safe hadari yake haɗuwa ta yamma. Ba a daɗe da farawa ba aka yi wani babban karo a gaba, motoci suka hau kan juna.

“Ƙasa! Ƙasa! Bi ta ƙasa!” na yi ihu. “Riƙe nan. Wuce! Ka fita.”

Ya ratsa ta cikin hayaƙi ba abin da ya taɓa shi. Da ƙura ta lafa, farar mota tana cikin goma sha biyar na farko. Sai ga muryar Mista Lail.

“Nadine, gaya masa birki.”

Na danna. “Garland, Mista Lail ya ce birkinka ya lalace.”

Farar motar ta wuce hanyar shiga gareji, ba ta shiga ba.

“Garland, ka ji ni?”

“Yaya, gaya masa na taka yanzu, lafiyarsa ƙalau.”

Mista Lail ya shigo layin da kansa. “Kai, ɗana, kada ka yi mini haka. Injin nan na haya ne, na gajeriyar tafiya. Shigo ciki.”

“Yallaɓai, ba na jin ka sosai. Yaya, wa ke bayana?”

Na dubi ƙasa, na hangi Mista Lail yana jifa da hularsa. Na dubi ƙanina yana shiga kwana ta uku kamar ruwa. Na ce, “Jar mota ce a bayanka, tsawon mota biyu. Ba ta da abin da za ta yi maka. Tafi.”

Hoyt kuwa, tsohon da nake zaton ba abin da ya dame shi a duniya, sai na gan shi da gudu-gudu yana bin rumfunan maƙwabta. Roƙon tsofaffin tayoyi yake, waɗanda manyan kamfanoni suka cire suka yar. Wani ya ba shi biyu, wani ya ba shi huɗu. Da Garland ya shigo shan mai, ma'aikatan wata motar da ta riga ta fashe a karon suka tsallako katanga da kayan aikinsu, ba wanda ya roƙe su, suka canja masa taya. Da takalman wasu ya koma fili, kuma ya ci gaba da tsince mutane yadda ya saba tun yana yaro.

Akwai doka: in an wuce rabin tsere ruwa ya sauko har aka kasa ci gaba, wanda ke gaba a lokacin shi ya ci. An ɗan wuce rabi ke nan wani ya daki katanga, aka ɗaga tutar a rage gudu. Duk na gaba suka shige canja taya.

“In shigo?” Garland ya tambaya.

Hoyt ya ce, “Ka shigo ka ɗauki me? Ba ni da ko tayar keke. Zauna a waje.”

Haka farar mota mara suna ta zama ta ɗaya a babbar gasa. Daga baya aka gaya mini masu sharhi a talabijin sun yi ta laluben takardu suna neman ko wane ne. Ni dai abin da na sani, ɗigon ruwa ya faɗo a kan madubina. Sai wani. Duk mutanen da ke kan rufin suka ɗaga kai sama. Wanda ke kusa da ni, mai yi wa wani babban direba aiki, ya zungure ni ya ce, “Baiwar Allah, in kin iya addu'a, yanzu ne.”

“Yaya,” in ji Garland, “ina ganin ɗigo a gilashi.”

“Na gani.”

“Zai sauko?”

“Yi tuƙinka.”

Aka yi ta zagayawa a hankali, yayyafi yana ɗan ƙaruwa, jami'in tuta yana miƙa tafin hannu yana dubawa. Ina iya hango ruwan da idona, baƙi ƙirin, yana zuba a kan gonaki bayan wurin ajiye motoci. Sai iska ta juya. Hadarin nan ya rabe biyu kamar an sa wuƙa, rabi ya yi arewa, rabi ya yi kudu, rana ta leƙo a tsakiya. Aka ɗaga koriyar tuta.

Abin da ya biyo baya shi ne tuƙi mafi kyau da na taɓa gani, kuma na ga tuƙi. Tayoyinsa sun suɗe, bayansa zakarun ƙasa ne da sababbin tayoyi, amma ya hana su hanya zagaye bayan zagaye. Ba ya tare kowa da mugunta, kawai duk inda mutum yake so ya sa hancin mota sai ya tarar Garland ya riga shi. 'Yan kallo suka miƙe tsaye. Muryata ta dushe. Amma taya taya ce. Na farko ya wuce shi, sai na biyu, sai suka riƙa wucewa a jere. Yana cikin na goma sha wani abu, tsere ya kusa ƙarewa, injin ya yi wata ƙara, farin hayaƙi ya turnuƙe bayansa. Ya gangara gefe ya tsaya.

Da muka dawo gida Baba yana zaune a baranda. Ya ce, “A talabijin an rubuta inji ne ya lalace. Wannan karon gaskiya ne?”

“Gaskiya ne, Baba.”

“To madalla,” ya ce, ya share ido da bayan hannu.

Mun ɗauka an kore mu, don Mista Lail bai ko kalle mu ba a filin. Ranar Talata sai ga wayarsa, murya kamar zuma. Wani kamfanin injinan yankan ciyawa ya ga farar mota a talabijin tana gaba ba sunan kowa a jikinta. Suna so su ɗauki nauyin shekara guda cur. Tayoyi, sabon inji, ma'aikata, komai. Darla ta fashe da kuka. Garland ya sayo gasasshen nama da kabeji, muka ci a tsakar gida, yana ta zana wa 'yarsa filayen tsere da cokali a kan tebur. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun ranar gwajin Charlotte.

Ranar Alhamis muka je sa hannu. A ofis muka tarar da mutum biyu cikin kwat, da wani yaro mai gyararren gashi yana latsa waya. Mista Lail bai yarda mun haɗa ido ba.

“Garland, ga Colby. Ɗan ƙanwar mai kamfanin ne. Shekararsa goma sha tara, kuma yana da ƙafa, ka gan shi nan.”

Yaron ya miƙe da ladabi. “Yallaɓai, na kalli tserenka ranar Lahadi. Wallahi ka burge ni.”

Garland ya karɓi hannunsa. Bai gane ba tukuna. Ni na gane, don na ga hular kwano sabuwa a kan tebur, da launin kamfanin, kuma ba girman kan ƙanina ba ce.

“Shi zai tuƙa,” in ji Mista Lail da sauri. “Sharaɗinsu ke nan, ba yadda na iya. Amma ba a bar ka a baya ba. Kai za ka koya masa. Kuma zan sayi mota ta biyu, fara, ka ci gaba yadda muka saba. Kowa ya samu.”

Ɗaya daga cikin masu kwat ya ce, “Ka nuna mana abin da motar nan za ta iya. Mun gode ƙwarai.”

“Motar,” Garland ya maimaita.

Na buɗe baki, ya riƙe mini hannu. Wuyansa ya yi ja har kunne. Ya daɗe yana kallon hular nan. Sannan ya ce, “Mista Lail, shekara uku kana ce mini sai mun samu mai ɗaukar nauyi. Na samo maka.”

“Ɗana, kasuwanci ne.”

“Kada ka ƙara ce mini ɗanka. Ina da uba.” Ya juya wajen yaron. “Kai kuma, ka riƙa sakin totur da wuri. Iyakar karatun ke nan, na ba ka kyauta.”

Muka fita. A bakin ƙofa Hoyt yana zaune a kan taya. Ya miƙo wa Garland akwatin kayan aikinsa, ya riga ya haɗa masa. Ashe tun Talata ya sani.

Bayan nan waya ba ta sake ƙara ba. Magana ta zagaya cewa Garland Beeson ba ya jin umarni, ya fasa wa maigidansa inji da gangan. Waɗanda suka tafa masa ranar Lahadi su ne suka riƙa faɗin haka. Colby ya yi shekara biyu yana dukan katanga, kawunsa ya gaji, ya koma sayar da filaye. Mista Lail ya sayar da kamfanin da riba. Baba ya rasu a shekara ta uku bayan haka. Filin jar ƙasa na bayan makabarta kuma an sayar, an gina rumbunan ajiyar kaya a wurin.

Yanzu Garland motar gas yake ja, yana cika wa mutane tankunan girki da ɗumama ɗaki a ƙauyuka. Kamfanin gas ɗin ya ba shi lambar yabo ta direban da bai taɓa haɗari ba, ya jefa ta a aljihun mota. In wani ya gane shi ya ce, “Ba kai ne ka taɓa zama na ɗaya a Virginia ba?” sai ya ce, “Ina tankin yake?” Ba ya kallon tseren Lahadi. In ya shiga gidan cin abinci ya tarar an kunna, sai ya zauna ya ba talabijin baya, amma na lura da ƙarar kaɗai yakan san wanda ya shiga kwana ba daidai ba, sai ka ji ya yi tsaki.

Tseren Asabar dai bai bari ba. Ya haɗa wata mota a rumfar bayan gidansa, muna jan ta zuwa wani fili mai nisa a wata gunduma. Gwiwoyina sun fara ƙin matakala, amma ina hawa. Darla ta ce mu biyun duka ba mu da hankali, 'yarsa ta ce ya kai hamsin, ya kamata ya huta.

Watan jiya ya zo na biyu. Wani yaro ɗan sha bakwai ne ya ci, kuma kowa ya ga ya taka totur kafin a ɗaga tuta. Garland ya je wurin jami'ai, suka ce ba su gani ba. Uban yaron ne ya saya wa filin sababbin fitilu. Tun daga can har gida yake faɗa, ni ma ina taya shi, har muka wuce mahaɗar garinmu ba mu sani ba, sai da muka juyo.

Washegari da safe, ban ko gama shan kofi ba, ya kira ni.

“Yaya, kin san wanda ke da giyar ƙafafun baya ta sayarwa? Tawa ta yi tsawo, shi ya sa yaron nan ya tsere mini a tashi.”

“Ba jiya ka ce ka bari ba?”

“Na ce. Kin san mai ita ko ba ki sani ba?”

Na ce akwai wani a garin Denton. Ya ce in shirya, ga shi nan zuwa.